Laya a Kan Allurar Garmaho

Muryar maigidana a faifai ɗaya tak ta rage a duniya, kuma cikin takabata mutanen gidanmu sunka kusa cinye ta ina kallo.

Sunansa Alƙasim. Yana da rai ban taɓa faɗin sunan da bakina ba, yanzu ma rubutawa na yi. Shekarun da yake zuwa cin rani Abijan ya shiga wani shago inda ake sa muryar mutum a faifai. Ka tsaya gaban wani ƙarfe ka yi maganarka, a ba ka faifanka a hannu. Ya yi gaisuwa ya aiko da shi ta hannun Dauda, wani ɗan unguwarmu da ke dawowa garinmu Tama. Faifai ya zo, abin sa shi babu a garin kaf. Na ajiye shi cikin kwalla har damina ta zagayo, shi kuma ya dawo da garmaho mai murfi kamar akwati, da ƴan fayafayan kiɗa na can.

Ranar da munka fara ji ya ja mana kunne. "Wanga ba awa na kiɗa ba ne," ya ce. "Taushi gare shi. Mai shago ya ce kowane ji yana rage shi." Don haka shekara da shekaru ba mu sa shi sai jefi-jefi. Ga mai muryar nan tsakar gida yana faɗan an bar akuya ta ci dawa, wa zai nemi faifai?

Gaisuwa ce kawai a ciki. Inna, uwarsa, ita ce farko, kuma ya daɗe a kanta. Sai maigari, sai liman, sai kawunnansa, sai ƙanensa Haruna, sai maƙwabta gida-gida. Har jakinmu ya tambayi ƙafarsa. Ni ce ƙarshe, can kusa da hudar tsakiya, bayan jaki.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, bazarar da ta biyo shekarar yunwa. Ya je garkar albasa da safe, ya dawo yana riƙe da wuya, kafin Juma'a an rufe shi.

Ranar sadaka Haruna ya tsaya bakin ɗakina ya ce mutane na son jin Yaya. Na miƙa masa garmaho ta bayan asabari. Ya aza a ka, a karkace, kamar ya ɗauko damin kara. Da ya dawo da shi na ji wani abu na ƙwal-ƙwal a ciki.

A wutsiyar hannun da ke ɗauke da allura akwai wani dunƙulen ƙarfe, bai fi goro girma ba. Da a kafe yake. Yanzu sai ya zame gaba ya zame baya, wani baƙin gari na zuba daga cikinsa. Robar da ke riƙe da shi ce zafi ya busar, jijjiga ta ƙarasa ta. In ƙarfen ya zame baya sai allura ta yi sama ta riƙa tsalle. Maigidana ya fara gaida Inna, kafin ka ankara yana wajen liman.

Na ce wa Haruna a kai shi Madawa wurin mai gyaran rediyo.

"Madawa? Don wanga ɗan abu? Ado ne na Nasara, ba ya aikin komi."

"In ba ya aikin komi, mi ya sa tun da ya kwance allura ke tsalle?"

"Ke da ke takaba ina ruwanki da gyaran ƙarfe? Riƙe wuƙarki ki ja tasbaha."

Ƴar wuƙar da ake ba mai takaba ta riƙe yake nufi. Na dube ta, na dubi ƙafafunsa ta ƙasan asabari.

"Ina riƙe da ita," na ce. "Kuma jiya na wasa ta."

Ya yi dariya ya tafi. Ƙanen miji ne, tun ina amarya wasa ke tsakaninmu, ko mutuwar nan ba ta rufe masa baki ba. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar keke ya ɗaure ƙarfen. Washegari ta silale. Sai ya koma danne kan allura da yatsa in ana ji, muryar maigidana ta riƙa ja tana kauri kamar ta bijimi. Ina cikin ɗaki ina ji, ina cizon leɓe.

Nan Inna ta shigo maganar.

Sai na yi bayanin Inna. Maigidana ɗanta ne na fari, saboda haka kunyarsa take yi. Ba ta kiran sunansa, sai "yaron nan" ko "wancan". Ban taɓa ganin ta dubi fuskarsa ba. Ranar da ya rasu mata sunka cika gida da kuka, ita tana bayan ɗaki tana tsince wake. Ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a sa mata muryarsa ba, ko za a yanka ta.

Ta tsaya tsakar gida ta yi magana kamar da iska take yi. "Bakin mutane ne. Tun randa yaron nan ya shigo da abin nan a ka ake magana. Mutum ya mutu, ba a bar muryatai ta zauna lafiya ba."

Ta aika wurin malam anka rubuto laya, baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, mai kauri, da igiyarta. Da hannunta ta ɗaura ta a kan hannun garmaho, daidai saman allura, ta tofa addu'a.

Allura ta daina tsalle.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Ta daina ɗin. Haruna ya zo bakin ɗaki yana tafa hannu. "Ina Madawa? Ina mai rediyo? Mai takaba, ki ce wani abu mana."

A lokacin ni ma na ɗauka an huta.

Daga nan anka buɗe ƙofa. Duk wanda ya zo gaisuwar mutuwa, Inna za ta ce, "Haruna, baƙo ya taho daga nesa, a bar shi ya koma bai ji ba?" Haruna ya zo ya ce, "Salamu alaikum, a miƙo mana Yaya." Na miƙa. Inna ta ɗauki tsintsiya ta riƙa sharar wurin da ta share ɗazu, baya ga garmaho, kunne gare shi. Da masu gaisuwa sunka ƙare, ta shiga nemo su. Bafulatana mai nono ta ji. Wani Buzu mai gishiri da bai taɓa ganin maigidana ba ya ji, yana gyaɗa kai yana cewa Allah ya jiƙan shi. Wanzami ya zo yi wa jinjirin maƙwabta aski, shi ma an jawo shi. Wata tsohuwa kurma daga Galma, sau biyu anka sa mata, don Inna ta ce na farko bai shiga ba. Na biyun ma bai shiga ba.

Kullum daga farko ake somawa. Wani lokaci a kai kan kawunnai, wani lokaci har maƙwabta, sai Inna ta jingine tsintsiya ta ce, "Ya isa." Ba a kaiwa kaina, don maganar miji da matarsa ba ta kunnen baƙo ba ce.

Na gane abin da take yi. Kowa ma ya gane, ba mai faɗa. Ba don ɓarnar da na gani ba, da na bar ta ta tara duk ƙasar Adar.

Wata rana anka dawo mini da garmaho na duba allura, na ga wani abu ya nannaɗe a bakinta, baƙi, siriri kamar gashin jinjiri. Na cire da farce. Washegari ga wani. Na ɗaga faifan a hasken ƙofa. Da baƙi ne wuluk yana ƙyalli, yanzu daga gefe ya fara toka-toka. Nauyin layar ne ke tura allura tana sassaƙar shi. Na samu murfin gwangwani na riƙa tara abin, ban san don me ba, ban dai iya zubarwa ba. Muryar kuma ta soma zuwa da wani shuu a bayanta, kamar ana suya a gidan maƙwabta.

Na nuna wa Haruna murfin.

"Ƙura ce."

"Ƙura baƙa, mai tsawo, a nannaɗe?"

"Ƙurar Abijan ce, ke kin taɓa zuwa?"

"Haruna, wanga ɗan'uwanka ne ake kankarewa."

Ya sake duban murfin. Sannan ya ce, "To je ki gaya wa Inna layarta ce ke ɓarna."

Ya san ba zan iya ba. Surukata ce. Ban taɓa cin abinci gabanta ba, ban taɓa yi mata magana a tsaye ba. Kuma laya ce, da sunan Allah a ciki, ta yi aiki kowa ya gani. Sai na koma dabara. Na ce kaina na ciwo, ba na son ƙara. Inna ta ce a kai zaure. Na ɓoye faifan ƙarƙashin shimfiɗa na ce na manta inda na sa. Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna bakin ɗakina cikin rana, baƙo na jira a zaure. Ban jure ba. Na tuna inda na sa.

Tokar ta ci gaba da shigowa ciki. Ta wuce maigari, ta wuce liman. Mai takaba ba ta fita, balle in ɗauki abin in nufi Madawa da ƙafata. Ina zaune da zane ɗaya a jiki, ina kallo ana cin mutum daga gefe, ana tahowa kaina.

Ranar kasuwar Tama gida ya watse. Haruna ya kai albasa, Inna ta ɗauki daudawarta. Ni kaɗai da kaji. Da hantsi ina kaɗi, don shi ne aikin da ya rage mini, sai gululun mazarina ya yi sako-sako. Gululu shi ne dunƙulen yumɓun da ke ƙasan mazari, shi ke ba shi nauyin juyawa. Ban ko yi tunani ba, na yi abin da kowace mai kaɗi ke yi. Na zare shi, na naɗa zare a jikin tsinken, na shafa yawu, na mayar na murɗa. Ya kafe.

Na tsaya da mazari a hannu ina dubansa. Sannan na dubi garmaho. Haushin kaina ya kama ni, duk kwanakin nan abin na hannuna.

Na yi alwala tukuna, saboda layar. Na yi bisimilla na kwance ta, na ce Allah ka ga ba raini ba ne. Na aza ta a kan kwalla ta sama, wuri mai tsarki. Ina cire ta hannun garmaho ya ɗaga kai sama.

Na zare ƙarfen a hankali, na kakkaɓe sauran garin roba da tsinken tsintsiya. Wutsiyar sanda ce siririya ta ƙarfe, duk ta dushe, sai wuri ɗaya da ke ƙyalli kamar zobe. Na ce to nan yake zaune shekarun nan, ba sai an gaya mini ba. Na zaɓi zarena mafi sirantaka na naɗa a wurin. Na farko ya yi yawa, ƙarfen ya ƙi shiga. Na matsa da ƙarfi sai hannun gaba ɗaya ya yi wani ƙas a gindinsa. Na saki. Na ce shi ke nan, abin da Haruna bai ƙarasa ba ni na ƙarasa. Na zauna har numfashina ya dawo. Na taɓa shi, ya juya lafiya.

Na warware, na rage zaren. Yanzu ya yi kaɗan, ƙarfen ya wuce fit. Na zagi zare, na zagi Haruna, na zagi wanda ya ƙera abu da roba ya aiko ƙasar zafi. Karo na gaba na shafa ɗan kakin zuma a kan zaren, na riƙe hannun da yatsu biyu don kada gindin ya sake jin nauyi, na murɗa ƙarfen a hankali kamar yadda nake murɗa gululu. Ya shiga da ƙyar ya zauna. Na karkata akwatin gaba, na karkata baya. Shiru, babu ƙwal-ƙwal.

Saura a gwada. Ba zan gwada a kan muryarsa ba, ta sha wuya ta ishe ta. Sai faifan kiɗa. Kiɗan rawa na Abijan, a ɗakin mai takaba, da rana tsaka, ga katangarmu da ta maƙwabta ta kara ce. Na ɗauko tsohon zane na cusa a bakin da sauti ke fita, na danne da gwiwa.

Allura ta sauka ta zame tsiii har tsakiya. Ta yi rashin nauyi. Na murɗa ƙarfen gaba kaɗan. Ta kama, ta yi tafiya, ta yi tsalle ɗaya. Na ƙara kaɗan, bai kai kaurin farce ba. Na aza bakin allurar a kan yatsata in ji. Da layar nan huda take yi, yanzu kuwa kamar ƙuda ya sauka. Na mayar a faifai. Ta bi hanyarta tiryan-tiryan. Na sunkuya in duba ko tana fitar da baƙin gashi, gwiwata ta goce, zanen ya faɗo.

Ganguna da ƙahoni sunka cika gidan. Kaji sunka watse.

"Ke!"

Inna ce a bakin ƙofa, ta ɗaga asabari, abin da ba ta taɓa yi ba. Bayanta ga wata mata da tabarmi a ka. Ashe ta samu mai tabarmi daga Azarori da ba ta ji ba tukuna, ta bar daudawarta wurin maƙwabciya ta jawo ta gida.

"Biki ake?"

Na ɗage allura na durƙusa. "Gwaji nike, Inna."

"Gwajin rawa?" Idonta ya kai kan hannun garmaho, ya kai kan kwalla. "Wa ya kwance?"

"Ni ce."

Mai tabarmi ta ce, "Ni bari in tahi, rana na yi."

"Zauna," in ji Inna. "Kin zo ji, sai kin ji." Ta juyo kaina. "Mayar da ita."

Kaina na ƙasa. Na ce, "Inna, a sa haka sau ɗaya. In allura ta yi tsalle, in mayar da layar da hannuna, kuma ba ni ƙara taɓawa."

Ta juya baya ta tsaya a bakin ƙofa. Babu tsintsiya kusa, sai ta kama gyaran igiyar asabari.

Na sa faifan. Allura ta zauna, ba ta yi tsalle ba. Amma abin da ya fito shuu ne kawai, da wata murya can ƙasa kamar mutum na magana cikin rijiya. Da nauyin laya allura na nitsewa tana tono ɗan abin da ya saura, shi ya sa ba su lura ba. Yanzu gaskiyar ta fito. Inda yake cewa Inna ina gaishe ki, ina ƙafa, ina hawan jini, duk babu. Mun jira. Maigari ya wuce ba mu ji shi ba.

Mai tabarmi irin mutanen nan ce da ba su iya rufe baki. Ta ce, "Ni hwa ban ji komi ba. Ruwa ake a garin?"

Wajen kawunnai murya ta fara tasowa. Wajen maƙwabta ta fito. Da ya kai kan jaki sai ga shi tangaran, kamar yana tsaye bayan ɗaki. Na jira Inna ta ce ya isa. Ba ta ce ba. Na kai hannu zan ɗage, ta ce, "Bari," ba ta ko juyo ba.

Sai ga maigidana, gaban uwarsa da baƙuwa: "To, a ce wa mutanen ɗaki ina nan lafiya. Ta rage faɗa da Haruna. Kuma abincin nan nasu bai karɓe ni ba, ba wanda ya iya miyar kuka nan, na rame. A ce mata na ce…" Sai muryar mai shago da Faransanci tana cewa lokaci ya cika, sai ƙit.

Da ƙasa ta tsage da na shige. Mai tabarmi ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Allah sarki, mai son miya," sannan ta tuna gidan da take, ta kama bakinta. Inna ta ce mata ta gode, ta gaida Azarori. Matar ta kwashi tabarminta.

Munka saura mu biyu. Inna ta daɗe tana murza igiyar nan.

"Kunnena ne?"

"Ba kunnenki ba ne, Inna."

"To ina farkon ya tahi?"

Na jawo murfin gwangwani na tura gabanta, ban ɗaga kai ba. Ta sunkuya ta ɗauka. Ta taɓa baƙin abin da yatsa, ya manne mata. Ta dube shi, ta dubi layar a kan kwalla. Na zaci faɗa za ta yi, ko ta ce bakin mutane ne ya ci. Ba ta ce ba. Ta kwance bakin zanenta ta juye abin a ciki, har ta karkaɗe murfin, ta ƙulle.

"Yanzu in an sa, yana ci?"

"Kaɗan. Ba awa da ba. Amma yana ci."

"Buɗe bayan."

Garinmu babu kuran, wato wutar lantarki, da pil, batir irin na tocilan, garmahon ke aiki. Na buɗe. Ta sa hannu ta ciro su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a ɗayan bakin zanen. Ta ɗauki layarta.

"Ba mai ƙara ji sai Salla."

Na ce to, Inna. Raina ya yi sanyi, ina cewa a zuci yau in gida ya yi shiru zan ari pil ɗin tocilan in ji nawa ni kaɗai, ba baƙo, ba suruka. Kamar ta ji. Ta tsaya da asabari a hannu.

"Har ke."

"Inna, ni hwa na gyara."

"Na sani. Na ga kunnenki, ke ma cinye shi za ki yi. Ki ba ni faihwan ma."

Na ba ta. Ta riƙe shi da hannu biyu a ƙirji, ta ratsa tsakar gida ta shiga ɗakinta, na ji ta jawo ƙyaure.

Da la'asar Haruna ya dawo kasuwa da wani dillalin albasa. "Salamu alaikum, a miƙo mana Yaya."

"Yaya na ɗakin Inna," na ce. "Je ka karɓo."

Na ji takunsa ya nufi can, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Sannan na ji yana ce wa dillalin su je zaure a kawo musu fura.